Bayan an ceto yaro daga azaba, hannun wa yake komawa?

A watan Agustan 2020 aka fito da wani yaro ɗan shekara goma daga turken dabbobi a Birnin Kebbi, inda ya yi kimanin shekara biyu a ɗaure. Ba a jima ba sai ga labarin wani matashi a Kano da aka ciro daga garejin gidansu bayan shekara bakwai a kulle. Daga wancan lokaci zuwa yau abin ya zama jiki. A wayi gari da bidiyo a Facebook ko TikTok, 'yar aiki da shatin dutsen guga a gadon baya, ko agolan da aka ƙona wa hannu a kan tsokar nama. Jama'a su yi ca, a yi ta Allah wadai, kowa na tambayar ko an kama wanda ya aikata. Bayan kwana uku wani labarin ya danne wannan.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta shi yaron. Daren da aka ɗauke shi daga gidan, ina ya kwana? Wa ya biya kuɗin asibiti? Wa ke da ikon cewa ba zai koma gidan ba, kuma wa zai leƙa shi bayan wata shida? Mutane da yawa sun ɗauka amsar ba ta wuce biyu: caji ofis ga mai laifi, gidan marayu ga yaro. Hanyar da doka ta shimfiɗa ta fi haka tsawo, kuma yawancin maganganun da ke bin shanun sarki a tsakiyar hanyar suke ɓacewa, tsakanin gida da asibiti, ko tsakanin caji ofis da kotu.

## Cin zarafi, sakaci, da yaron da ke bakin rami

Masu wannan aiki sun kasa matsalar gida uku, domin maganin kowane kashi daban ne. Cin zarafi shi ne abin da aka aikata wa yaro: duka mai raunata jiki, ƙuna, ɗauri, horon yunwa, fyaɗe ko lalata da shi, har da zagi da tsoratarwa na yau da gobe da ke kashe masa zuciya. Sakaci kuwa shi ne abin da aka ƙi yi masa alhali da hali, wato ci da sutura da magani da makaranta da sa ido. A nan "da hali" ita ce ƙashin bayan maganar. Uwar da ta kasa sayen maganin zazzaɓi don babu, talauci ne ya ci ƙarfinta, tallafi take bukata. Uban da ke da rumfa a kasuwa, ya saki uwar 'ya'yansa ya daina aiko da ko kwanon masara, shi ne mai sakaci, kuma kotu na da ikon tilasta masa ciyarwa.

Kashi na uku su ne waɗanda ba a kai ga cutar da su ba tukuna, ko an cutar ba a gano ba, amma yanayin zamansu ya ajiye su a bakin rami. Yarinya mai talla a tasha har bayan isha'i tana ciki, haka almajiri ɗan shekara shida da ke kwana a rumfar kasuwa, da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye dillaliya na karɓe albashinta, da yaro mai larurar ƙwaƙwalwa da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa.

Gardamar iyakar horo da azaba ba ta ƙarewa a zaure, amma likita jiki yake dubawa. Yana neman tabon da ya ɗauki siffar abin da aka yi aiki da shi, kamar wayar wuta ko bayan cokali mai zafi. Yana duba ƙunar ruwan zafi mai iyaka a miƙe kamar an sa safa, wadda ke nuna tsoma hannun ko ƙafar aka yi. Raunuka sababbi da tsofaffi a jiki ɗaya, shatin igiya a wuyan hannu, karaya a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, duk suna magana ko da yaron ya yi shiru. Faɗuwar wasa a goshi da gwiwa da ƙwauri take barin tabo, da wuya ta bar shi a bayan kunne ko cikin cinya.

Girman abin ya fito fili a binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin goma, an yi lalata da su. Waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Akasarin masu aikatawar kuma mutanen da yaron ya sani ne, abin da ke bayyana dalilin da ya sa shiru ya fi ƙara yawa.

## Doka, da masu riƙe da ita

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ce uwa, amma a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. A Arewa aka yi ta jan ƙafa saboda batun shekarun aure da batun ɗaukar ɗan wani a mayar da shi na cikinka, wanda Musulunci ya hana. Jihohi suka riƙa gyara waɗannan sassa suna fitar da tasu dokar kare yara. Kaduna ta yi a 2018, Kano kuwa sai a watan Mayun 2023. Abin takaicin shi ne an kwashe shekara ashirin ana ja-in-ja a kan sassa biyu ko uku, alhali mafi yawan dokar tana magana ne a kan abin da babu malamin da zai ja da shi: ikon cire yaro daga gidan da ake cutar da shi, kotun iyali da ke zama ba tare da 'yan kallo ba, hana bayyana sunan yaro ko hotonsa, da raba yaro mai laifi da manyan fursunoni.

Akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ita ma sai jiha ta karɓa. Muhimmancinta ga yara maza babba ne. Tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa mace kaɗai ya sani a matsayin wadda ake yi wa fyaɗe, ita kuwa sabuwar dokar ta haɗa da namiji, ta kuma haɗa da amfani da yatsa ko wani abu.

A aikace ƙofar farko ga yawancin mutane ita ce mai unguwa, ko limami, ko ofishin Hisba a jihohin da take. Bincike aikin 'yan sanda ne, gurfanarwa a manyan laifuka aikin ma'aikatar shari'a ne. Idan maganar ta shafi safarar yaro, kamar 'yar aikin da aka ɗauko daga wata jiha ana cin guminta, hurumin hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ne, kuma tana da layin kira na 627. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna karɓar ƙorafi kyauta, suna kuma bin sawun ƙara idan ta fara sanyi.

Duk waɗannan, in aka lura, hankalinsu ya fi karkata ga laifin da mai laifin. Mutum ɗaya ne aikinsa shi ne yaron kansa, wato jami'in walwalar jama'a, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar mata ta jiha ko sashen walwala na ƙaramar hukuma. Shi ne zai je gidan ya ga inda yaron ke kwana, ya ji ta bakin maƙwabta da malamin makaranta, ya duba ko akwai ƙannen da su ma ke cikin haɗari, ya nemo dangin da za su iya riƙo, ya rubuta wa kotu rahoto, sannan ya riƙa komawa yana dubawa. Shi ne kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙananan hukumomi da yawa ofishin ɗaki ɗaya ne a ƙuryar sakatariya, babu babur, babu kuɗin mai, kuma rikicin ma'aurata ya cinye ranar. Jami'in da ba shi da abin hawa ba zai kai ziyara ƙauyen da ke da nisan kilomita talatin ba, komai kishinsa. Jiha na iya yin doka mai kyau ta ɗaura ta a kan wannan ɗakin, sannan a yi mamakin me ya sa ba a ga canji ba.

## Awa 72 na farko

A ɗauki abin da ke faruwa a gidaje da yawa. Yarinya 'yar shekara bakwai ta dawo daga aike tana ɗingishi. Uwa ta duba ta ga jini. Hannunta na rawa ta ɗora ruwa, ta jefa bagaruwa ko gishiri, ta gasa ta, ta wanke kamfan ta shanya a bayan ɗaki, ta jira maigida. Maigida ya ce a bari a gaya wa Yaya, Yaya ya ce sai Kawu ya dawo daga tafiya. Kafin a tsayar da shawara an yi kwana huɗu. Ƙauna ce ta sa uwar ta yi abin da ta yi, amma an yi asara biyu, kuma babu wadda ke dawowa.

Ta farko ta lafiya ce. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kwana 28 ba fashi. Yakan sa tashin zuciya da kasala, shi ya sa iyaye da yawa ke dakatar da shi a mako na farko, wanda kuskure ne. Abin yi shi ne a koma wa likita. Ga yarinyar da ta fara al'ada ko ta kusa, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa kwana biyar, amma ƙarfinsa na raguwa kullum. Sai maganin cututtukan sanyi, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, da ta tetanus idan akwai rauni. Yagewa mai zurfi tana bukatar ɗinki a hannun ƙwararre, domin in aka bar ta tana iya kai yarinya ga yoyon fitsari ko na bayan gida.

Ta biyu ta shaida ce. Kada a yi wa yaron wanka kafin likita ya gani. Kayan da ke jikinsa a cire su a naɗe a takarda mai tsabta ko babbar ambulan, ba a leda ba, domin leda na riƙe danshi ta sa su yi fumfuna. Wuraren gwajin ƙwayar halitta ba su da yawa a ƙasar nan, saboda haka abin da ke tsayawa a kotu galibi shi ne rahoton da likita ya rubuta a ranar: me ya gani, a ina, girmansa nawa, da abin da yaron ya faɗa da kalmominsa. Ko an riga an yi wankan, ko kwana ukun sun wuce, a je. Akwai sauran magani, kuma rahoton makara ya fi babu.

Ba sai an je caji ofis kafin a je asibiti ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye lokaci, iyaye su wuni suna jiran takardar 'yan sanda alhali awannin magani na tafiya. Domin haka aka kafa cibiyoyi na musamman a cikin asibitocin gwamnati, inda ake samun likita da mai ba da shawara da hanyar zuwa ga lauya a wuri ɗaya, kyauta, cikin sirri. Ta farko a Najeriya ita ce Mirabel a Legas, a 2013. A Kano akwai Waraka a Asibitin Murtala. A Kaduna akwai Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da rassanta a Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. A Sakkwato akwai Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru. Matsalarsu ɗaya, a birane suke. Wanda ke nesa ya nufi babban asibitin da ya fi kusa, ya tambayi sashen da ke ba da maganin cuta mai karya garkuwar jiki, domin a nan maganin kariyar yake.

Wata fahimta da ke kashe ƙara tun a asibiti ita ce ta "likita ya ce ba a yi mata komai ba". Rashin ganin rauni ba ya nufin ba a taɓa yaro ba. Yawancin yaran da aka yi lalata da su, musamman idan an ɗauki kwanaki, ba a ganin komai a jikinsu, don wurin yana saurin warkewa, kuma ba kowace lalata ke barin rauni ba. Abin da ake kira gwajin budurci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2018 cewa ba shi da tushe a ilimin likita.

Yadda ake tambayar yaron ma yana iya gyara magana ko ya ɓata ta. Mutum ɗaya da yaron ya yarda da shi ya zauna da shi a keɓe, ya ce, "Gaya mini abin da ya faru," ya yi shiru ya saurara. Kada a ce, "Wane ne ya taɓa ki, ko?" domin yaro yakan amsa abin da ya ga babba na so, kuma lauyan wanda ake tuhuma zai kama wannan ya ce kitsa mata aka yi. Kada a tara gwaggo da inna da maƙwabta kowa ya sa ta maimaita, labarin zai riƙa canjawa, ita kuma ana fama mata ciwo. Kada a dake ta don ta je inda aka hana ta. Yaron da aka daka ranar da ya faɗi gaskiya ya koyi darasi, ba zai sake faɗa ba. A rubuta abin da ta ce da rana da lokaci, a gaya mata ba laifinta ba ne.

## Daga zaure zuwa kotu

Kafin 'yan sanda su gama rubuta bayani, an riga an yi sallama a ƙofar gida. Dattawa ne, wani lokaci har da mai unguwa. "Malam, ka dubi girman Allah ka yi haƙuri. Yaron nan ɗanka ne. In ka kai shi kotu 'yarka ka tona wa asiri, gobe wa zai aure ta?" A ajiye kuɗin magani a gefen tabarma, a yi fatiha. Uban da ke haya a gidan kawun wanda ake zargi, ko yake cin abinci a shagonsa, ya san abin da ƙin amincewa zai ja masa.

Sulhu na da muhallinsa, kuma ya fi kotu amfani a rikicin ciyarwa, ko wa zai riƙi yara bayan saki, ko uban da ya cire ɗansa daga makaranta. Fyaɗe da azabtarwa kuwa laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, yafewar uba ba ta goge shi a doka. Illar sulhun a nan ita ce wanda ya aikata yana nan a unguwar, ya kuma gane farashin abin bai wuce 'yan dubbai ba.

Sai dai zargin iyaye da kwaɗayi ko tsoro bai isa bayani ba, sai an dubi tsawon hanyar da ake tura su. Ƙara na farawa a caji ofis na unguwa, a mayar da ita sashen binciken manyan laifuka a hedikwatar jiha. A kai wanda ake zargi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yanke hukunci a irin wannan laifi, sai dai ta ba da umarnin tsare shi. A tura fayil ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, abin da kan ɗauki watanni. Daga nan a shigar da ƙara a babbar kotu, a fara ɗage zama. Kowane zama kuɗin mota ne da asarar wunin aiki. Likitan da ya rubuta rahoto an canja masa wurin aiki, ɗan sandan da ya yi bincike shi ma haka. Idan aka ba da beli, wanda ba wanke mutum ba ne, iyaye su gan shi a masallaci su ɗauka an sayar da shari'ar, su daina zuwa. Ranar da babu shaida, alƙali ya kori ƙara.

Akwai wata ƙa'ida a Dokar Shaida ta 2011 da ya kamata kowane uba ya sani. Yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum a kan irin wannan shaidar ita kaɗai, sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Wannan hujjar ita ce rahoton likita, ko kayan da aka adana, ko maƙwabcin da ya ga an ja ta cikin kango. Ruwan zafin daren farko yana iya zama shi ya yanke shari'ar shekara biyu kafin alƙali ya buɗe baki. Takardar haihuwa ma hujja ce, domin nauyin laifin ya rataya ne a kan shekarun yaron, kuma Hukumar Ƙidaya ce ke ba da ita. Masu cewa ai sai da shaidu huɗu sun haɗa abu biyu. Wannan sharaɗin haddin zina ne, kuma malaman fiƙihu ba su rufe ƙofar ta'aziri ba, wato hukuncin da alƙali ke yankewa bisa ganinsa, idan alamu suka tabbata.

A 2020 Kaduna ta tsananta hukunci har zuwa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Masu goyon baya sun ce abin ya kai inda sai an tsorata mutane. Masu aiki da yaran kuwa da yawansu suna da wata fargaba, kuma tana da ƙarfi. Idan mai laifin kawu ne ko mijin uwa, tsananin hukuncin na ƙara wa dangi dalilin rufe maganar. Abin da ke hana laifi shi ne mutum ya san za a kama shi kuma shari'ar za ta kai ƙarshe. Hukuncin da ke rubuce a takarda ba ya tsorata wanda ya ga ƙara goma sun mutu a hanya.

Masu ɗora hoton yaro a intanet da sunan nema masa haƙƙi su ma su yi hattara. Bidiyon kan sa hukuma ta motsa, gaskiya ne, amma doka ta hana bayyana yaron, kuma hoton zai riga shi zuwa makaranta da gidan surukai. A rufe fuska, a ɓoye suna da unguwa, a tura cikakken bidiyon ga masu bincike.

## Ina zai kwana?

Cire yaro daga gidansu mataki ne na ƙarshe, kuma kotu ce ke tabbatar da shi. Idan mai cutarwar ne za a iya fitarwa daga gidan, shi ya fi. Idan ba zai yiwu ba, a fara duba dangi. Fiƙihun Malikiyya ya riga ya jera masu haƙƙin raino, daga uwa sai kaka ta wajen uwa, a bi ta wannan ɓangaren kafin a dawo na uba, ciyarwa kuma tana kan uba duk inda yaron yake. Riƙo al'adarmu ce, amma a tuna da yawa daga yaran da ake ceto 'yan riƙo ne. Don haka kafin a miƙa yaro ga gwaggo ko kawu sai an tambaya: matar gidan ta yarda ko dole aka yi mata? Wanda ya cuci yaron yana shiga gidan? Za a sa shi makaranta tare da 'ya'yan gida, ko an samu mai wanke-wanke ne? A kuma tambayi yaron inda yake so. Ziyarar bazata a watannin farko ita ke bambanta riƙon amana da canjin gidan azaba.

Gidan marayu mafaka ce ta wucin gadi, ko ta wanda aka nemi danginsa aka rasa. Dalilin ba rowar abinci ba ne, akwai gidajen da ake ci a ƙoshi. Ƙaramin yaro yana bukatar mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi, ma'aikatan gidan kuwa karɓa-karɓa suke yi, mace ɗaya da jarirai da yawa. Binciken da aka yi a gidajen marayun Romaniya daga farkon shekarun 2000 ya nuna yaran da aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi waɗanda aka bari a gidajen ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 ma sun ce yaro ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata ya tashi, kuma talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba. Mai son taimako da buhun shinkafa, in ya kai wa bazawarar da ke shirin miƙa 'ya'yanta gidan marayu don yunwa, ya yi aikin da ya fi na kai wa gidan marayun.

Wanda ya tsinci jariri ya fara da asibiti, sannan mai unguwa da 'yan sanda, su kuma su sanar da ofishin walwala. Mai son riƙonsa ya nema a rubuce, a binciki gidansa, kotu ta ba shi takarda. Musulunci ya kwaɗaitar da kafala, wato ka riƙi yaro ka yi masa komai ba tare da ka jingina masa nasabarka ba, kuma kana iya yi masa kyauta da ranka ko wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, tunda ba ya gado. Bin wannan hanyar ba ɓata lokaci ba ne. Yaran Kano tara da aka gano a Anambra a 2019, an canja musu suna an sayar da su, sun nuna abin da ke faruwa idan yaro na iya sauya hannu babu takarda.

Warkewar zuciya kuma ta fi ta jiki jinkiri. Fitsarin kwance bayan an daina, firgita cikin barci, ƙin zuwa wani gida ko wani layi, faɗa da yara, wasan banza da ya girmi shekarunsa, duk alamun ciwon ne, duka kuwa ƙara shi yake yi. Komawa makaranta da wuri, da zama da mai ba da shawara, da uwar da ta yarda da maganarsa, su ne maganin da aka fi ganin amfaninsa.

## Matasa, gidan mari, da ranar cika 18

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, wasu yara ne ƙanana. Aka bi da irinsa a Daura da wasu garuruwa. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yawancinsu iyayensu ne suka kai su, har suna biya. Uwar da ɗanta ke shan ƙwaya yana sayar da kayan ɗakinta ba ta da wurin kai shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, gadajensu ba su kai yawan masu bukata ba, kuma jinyar wata da watanni ta fi ƙarfin talaka. Gidajen gyaran hali na gwamnatin tarayya ga matasa masu laifi shekaru da dama uku ne kacal, a Kaduna da Ilori da Abekuta. An rufe gidajen mari, an mayar wa iyaye 'ya'yansu, bukatar da ta haifi gidajen tana nan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi, amma gadon asibiti sai an gina.

Akwai kuma kuskuren haɗa wanda aka cuta da wanda ya yi laifi a gida ɗaya. Gidan ajiye yara masu jiran shari'a an yi shi ne don yaron da ake tuhuma. Idan aka rasa mafaka aka kai yarinyar da ta gudo daga duka can, ita a ganinta ɗaure ta aka yi don ta yi magana.

Rukunin da aka fi mantawa su ne waɗanda suka girma a gidan marayu. Ranar da suka cika 18 dokar yara ta sake su, alhali ɗan da ke gaban iyayensa ma a wannan shekarun bai tsaya da ƙafarsa ba. Shirin fitarsu ya kamata ya fara tun suna 15: sana'a a hannun ubangida na gari ko ci gaba da karatu, asusun banki, wurin zama na shekarar farko, da wani babba a waje da za su iya bugo wa waya in ta ɓaci. Takardu ma babbar magana ce. Sai da lambar ɗan ƙasa ake rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma gurbin karatu da aikin gwamnati suna neman takardar asalin ƙaramar hukuma, wadda ɗan tsintuwa ba shi da uban da zai nuna don a ba shi. Gidan da ya rene shi ne ya kamata ya nema masa ita ta hannun ma'aikatar mata da hakimin yankin tun yana ƙarami. Idan mace ce kuma aure ya zo, dangin mijin za su tambayi waliyyi. Shari'a ta ba da amsa, shugaba shi ne waliyyin wanda ba shi da waliyyi, don haka alƙali ko hakimi ke tsayawa. Amma sai wani ya je ya sanar da su tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa.